Inda Mazaunin Birni Zai Kai Iyalinsa Ranar Hutu Ya Dawo A Yini Guda

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda mazauna birane suke cin hutun ƙarshen mako, da kuma irin wuraren da magidanci zai iya kai iyalinsa da safe ya dawo da su kafin dare. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne mutane da yawa sun ɗauka fita shaƙatawa ba ta yiwuwa sai da doguwar tafiya da aljihu mai nauyi, har ta kai ga idan babu waɗannan biyun sai a zauna a ɗaki ana latsa waya har hutun ya ƙare. A ganina, kusan duk abin da ake nema a fitar yini guda yana nan cikin birni ko a bakinsa, kuma abin da ya yi wa jama'a ƙaranci shi ne sanin wurin da za su je da lokacin da ya dace su je.

Shi kansa wannan hutu sai da aka yi fafutuka kafin a same shi. A shekarar 1921 ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da yarjejeniyar da ta tanadi cewa ma'aikacin masana'anta ya huta aƙalla sa'o'i 24 a jere cikin kowane kwana bakwai, sannan a 1926 kamfanin motoci na Ford a Amurka ya koma aikin kwana biyar a mako. Ranakun hutun ma sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, domin Saudiyya sai a 2013 ta bar Alhamis da Juma'a ta koma Juma'a da Asabar. Ga kuma ɗimbin 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu waɗanda da ƙyar suke samun rana ɗaya. Saboda su ne zan taƙaita maganata a kan abin da za a iya yi a yini guda.

Wuri na farko da ya kamata a duba shi ne lambun shaƙatawa na gwamnati, wanda saboda kusancinsa ne ma aka fi raina shi. Domin talakan birni aka ƙirƙiro irin wannan lambu tun asali. An buɗe lambun Birkenhead da ke kusa da Liverpool a Ingila a 1847 da kuɗin jama'a, a zamanin da hayaƙin masana'antu da cunkoso suka addabi ma'aikata, kuma wani Ba'amurke mai suna Frederick Law Olmsted, wanda ya ziyarce shi a 1850, ya yi mamakin ganin mai kuɗi da matalauci suna yawo a wuri ɗaya. Shi ne daga baya ya tsara Central Park na birnin New York tare da Calvert Vaux, lambu mai faɗin hekta 341 a tsakiyar gari. A Alƙahira kuwa, lambun Al-Azhar da aka ƙaddamar a 2005 an gina shi ne a kan tudun juji da aka shafe kimanin shekara 500 ana zuba wa shara da ɓaraguzai, kuma a wajen aikin aka tono tsohuwar ganuwar birnin ta zamanin Ayyubawa. Amfanin zama a irin waɗannan wurare ya wuce jin daɗin ido. Wani bincike da masana na Jami'ar Exeter suka wallafa a 2019, wanda ya shafi mutane kusan 20,000 a Ingila, ya nuna cewa waɗanda suke samun aƙalla minti 120 a mako a cikin itatuwa da fili sun fi ba da rahoton ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, kuma babu bambanci ko an yi sa'o'in biyun a zama ɗaya ko an rarraba su. Ke nan safiya guda ta wadatar, muddin an fita da wuri, domin daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma ne rana ta fi ƙuna ga fata.

Gidan tarihi shi ne wurin da na fi so mu mayar da hankali a kai, domin shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Yawancinmu mun ɗauke shi wurin 'yan makaranta da baƙi daga ƙetare, alhali mazaunin gari ne ya fi kowa cancantar sanin abin da ke ciki, tun da kayan kakanninsa ne aka ajiye. Gani ya kori ji. Yaron da ya tsaya a gaban tsohuwar garma, ko kuɗin da aka daina kashewa, ko rubutun hannu na ɗaruruwan shekaru, zai riƙe abin da ya gani fiye da shafi goma da aka tilasta masa haddacewa. Kuskuren da iyaye suke yi shi ne ƙoƙarin zagaye dukkan ɗakuna a shiga ɗaya, sai yara su gaji, su fara rigima, a fito babu wanda ya tuna komai. Ya fi kyau a zaɓi ɗaki ɗaya ko biyu, a nemi ma'aikacin da ke yi wa baƙi bayani, a bar yara su yi masa tambayoyi, sauran ɗakunan kuma a bar su sai wani makon. Gidajen tarihi da dama ba sa karɓar kuɗin shiga ko kuma suna rangwanta wa yara. Gidan tarihin Birtaniya da ke Landan, wanda ya buɗe ƙofarsa a 1759, har yau kyauta ake shiga manyan ɗakunansa. Yana da kyau kuma a riƙa tuna ranar 18 ga Mayu, wadda tun 1977 aka keɓe a matsayin ranar gidajen tarihi ta duniya, domin a ranar wasunsu sukan shirya baje koli na musamman.

Kusa da wannan akwai tafiya a ƙasa cikin tsoffin unguwanni, inda ake ganin gine-ginen dā da rumfunan maƙera da masassaƙa da masaƙa, abubuwan da wanda ke cikin mota ba ya lura da su ko da kullum ta nan yake bi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar baligi ya motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro ɗan shekara 5 zuwa 17 kuma ya samu kimanin minti 60 a kullum, don haka irin wannan zagaye yana biyan buƙata biyu. Abin da ke hana shi yawanci tsoron ababen hawa ne, kuma birnin Bogota na ƙasar Kolombiya ya samo wa wannan magani tun 1974: kowace Lahadi da ranar hutu ana rufe tituna masu tsawon fiye da kilomita 120 daga ƙarfe 7 na safe zuwa 2 na rana, a bar su ga masu keke da masu tafiya a ƙasa. Ban ga abin da zai hana kowace hukumar birni ta jarraba haka ko da a titi ɗaya ba ne.

Gidan namun daji yana burge yara ƙwarai, amma ina ba iyaye shawara su fara bincika ko ana kula da dabbobin, domin kallon zaki ramamme a cikin ƙuntataccen keji ba ya koya wa yaro komai sai rashin tausayi. Manyan kantunan zamani kuwa, ko da yake akwai sanyi da tsaro, an gina su ne domin a sayi kaya, kuma wanda ya shiga da yara huɗu ya san yadda ake fitowa.

Ga wanda yake da halin hawa mota na sa'a guda, bayan gari ya fi ko'ina. Da wuya a samu birnin da babu dutse ko tudu ko kogi ko madatsar ruwa ko gandun daji a kewayensa, kuma daga kan tudu ne mutum yake ganin yadda garinsa ya bazu da inda ya tsaya. Sai dai bakin ruwa yana buƙatar taka tsantsan sosai. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa mutane kimanin 300,000 suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Yaro yakan nutse shiru ba tare da ihu ba, shi ya sa dole a wakilta babba guda wanda ba shi da wani aiki sai sa musu ido, kuma kada a shiga kwalekwale babu rigar kariya. A ƙasashe masu zafi ma akwai tsargiya, wadda ƙwayarta take fitowa daga dodon koɗi ta ratsa fatar mai wanka a ruwan tafki ko na madatsa, don haka a ji daɗin ruwan da ido ya fi. Idan wurin yana da tsaro kuma an san hanya, jinkirta komawa kaɗan bayan faɗuwar rana yana da lada, domin wani nazari na 2016 ya gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zanen taurarin nan da ya ratsa sama, saboda hasken fitilun birane. Akwai yaran birni da ba su taɓa ganin Kaza da 'Ya'yanta ba.

Ko ina aka nufa, wuri ɗaya ya isa a yini. A tabbatar da lokacin buɗewa tun kafin a bar gida, a ɗauki isasshen ruwan sha da guzuri, a yi la'akari da tsofaffi da masu lalura ta musamman wajen matakala da makewayi, a sanar da wani inda aka tafi, sannan a kwashe shara a tafi da ita.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne wannan jarida ta keɓe ɗan fili kafin kowane ƙarshen mako, inda wakilanku za su riƙa gabatar da wuri ɗaya da suka je da ƙafarsu, su faɗi ranakun da yake buɗe da sa'o'insa, da yadda mai motar haya zai isa, da ko akwai inuwa da ruwa da makewayi, da kuma gaskiyar halin tsaro a hanyar. Idan sun tarar da lambu a kulle ko gidan tarihi yana yoyo, su rubuta hakan ma, su kuma tambayi hukumar da abin ya shafa ranar da za a gyara.

Na gode da wannan dama. Wassalam.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum