Amsa ga ɗalibar da ta yi tambaya kan "without rhyme or reason"

Assalamu alaikum ƙanwata,

Na ga tambayar da kika aiko mini a filin wasiƙu. Kin ce kin rubuta "without rhythm and reason" a insha'inki, malaminku ya ja masa jan biro, kina so in raba gardama. Malamin ne da gaskiya, kuma kuskure biyu ya kama.

Abin da masu harshen ke cewa shi ne "without rhyme or reason". "Rhyme" amsa-amo ne, ƙafiyar da ke rufe baitin waƙa, shi kuwa "rhythm" kari ne. Sun yi kama a rubuce, shi ya sa ɗalibai da yawa ke musanya su. Kin ce naki ma yana da ma'ana, ban musa ba. Amma daskararriyar magana ba a sauya mata kalma. Wanda ya ce miki "ba gaira ba hujja" za ki gane nufinsa, amma kunnenki zai gaya miki "ba gaira ba dalili" aka sani.

Na biyun shi ne "and". Bayan "without" ko "no", "or" ake sawa. In kin fara da "neither", sai ki bi shi da "nor".

Maganar tsohuwa ce. Faransawa na da irinta, "sans rime ni raison". A wasan Shakespeare, The Comedy of Errors, wanda aka nuna a Landan a 1594, wani bara mai suna Dromio ya sha duka a hannun ubangidansa, ya nemi dalili, ya ce abin da aka gaya masa "neither rhyme nor reason" ne: ba daɗin ji, ba hujja.

Ga abin da na fi so ki riƙe. Ana faɗarta ne ga abin da ba kai ba gindi, wanda ba a iya gano tsarinsa, kamar farashin da zai hau yau, ya sauka gobe, jibi ya ninka: "Prices change without rhyme or reason." Wanda ya kori yaron shagonsa saboda hassada kuwa yana da dalili, mummuna ne kawai, don haka "unfairly" ta fi dacewa da shi. In kuma rashin dalili zalla kike nufi, "for no reason" ta wadatar, ko a jarrabawar WAEC.

Ki sake rubuta jimlar, ki kai wa malaminku ya duba. Allah ya ba da sa'a.

Wassalam,
Yayanki, malamin Turanci