Wasiƙa zuwa ga aminina kan maganar Cobain da ya tayar

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ya aiki, ya baƙunta? Mu nan lafiya lau, sai zafi da ɗaukewar wuta da ka sani. Hajiya tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko ka manta hanyar gida ne.

Saƙon muryar da ka turo ya iso. Na ga in na mayar maka da murya za ka yi halin naka, ka ji rabi ka katse, shi ya sa na zauna na rubuta. Wato kai har gobe kana nan a kan bakanka cewa duk zamanin giranj, wato salon kiɗan rok ɗin nan da ya taso daga Seattle ta Amurka, ba a yi mai murya kamar Kurt Cobain na ƙungiyar Nirvana ba. To ban yarda ba, kuma wannan karon ba za ka ci ni da yawan surutu ba.

Bari in fara ba ka naka. Ba mai musun cewa Cobain ne ya ɓalle ƙofa. Kafin kundinsu Nevermind ya fito a watan Satumba na 1991, kiɗan nan na samarin Seattle ne da ƴan tsirarun da ke bibiyar ƙaramin kamfanin Sub Pop. Zuwa Janairun 1992 kundin ya ture Dangerous na Michael Jackson daga saman jadawalin Billboard na kundayen da suka fi kasuwa a Amurka, kuma ka san abin da Michael yake a lokacin, har a nan wajenmu. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ai ba tambayar da muke yi ba ke nan. Baiwar Cobain tana wajen tsara waƙa. Zai haɗa kari mai sauƙi wanda yaro ma zai iya kamawa, ya binne shi cikin ƙarar jita, ka wuni yana yi maka yawo a ka. Muryar kuwa a tsage take, a shaƙe, kuma da ƙarfin tsiya yake fizgo ta daga maƙogwaro. Tana da daɗin ji, na yarda, amma hanyoyinta biyu ne: ya yi ƙasa-ƙasa kamar mai gunaguni, sannan ya fashe da ihu. Duk abin da ka ji ya yi, tsakanin waɗannan biyun yake kaiwa da komowa.

Na san inda za ka ruga. Za ka ce in tuna wasan MTV Unplugged, shirin talabijin ɗin da ake sassauta ƙarar kayan kiɗa, da Nirvana suka yi a New York a Nuwamban 1993, musamman waƙar ƙarshe, "Where Did You Sleep Last Night", inda ya tsaya ya ja numfashi ya buɗe ido kafin ya ƙarasa. Na tuna, kuma har yau tsikar jikina tana tashi. Sai dai ka sani tsohuwar waƙar gargajiyar Amurka ce da Lead Belly ya shahara da ita, kuma Mark Lanegan na Screaming Trees ya riga shi rera ta a kundinsa na 1990, Cobain ɗin ne ma ya kaɗa masa jita. Lanegan kuwa, da ana adalci da sunansa yana cikin wannan gardamar tun farko. Murya ce mai kauri da gurnani, irin ta wanda ya kwana bai yi barci ba, amma da yake ƙungiyarsa ba ta yi kasuwar sauran ba, sai ake tsallake shi. Ya rasu a 2022 a ƙasar Ayalan.

Kuma mu faɗa wa juna gaskiya, mutuwar Cobain a Afrilun 1994 yana ɗan shekara 27 ta ƙara wa komai nasa nauyi a kunnen mutane. Ba a gan shi ya tsufa ba, ba a ji muryar ta gaji ba, bai fitar da kundin da za a ce ya gaza ba.

In awo za a yi da ma'auni, ba sai an ja zance ba, Chris Cornell na Soundgarden ya cinye. Mutumin da ya fara a matsayin mai ganga yana waƙa daga baya, lokacin da suka kafa ƙungiyar a 1984, shi ne ya zo ya zama wanda muryarsa ke hawa kusan oktaf huɗu, wato matakan sauti daga ƙasa zuwa sama, alhali yawancin mawaƙa a wajen biyu suke tsayawa. Kuma ba hawan kaɗai ba, in ya kai can sama muryar ba ta sirancewa, da ƙarfinta take zama. Ka koma kan Temple of the Dog, kundin da ya fito a 1991, wanda ya shirya don tunawa da abokin zamansa Andrew Wood na Mother Love Bone wanda hiroyin ta kashe a 1990. A "Hunger Strike" Eddie Vedder na Pearl Jam ya riƙe ƙasa, lokacin ba wanda ya san shi, Cornell ya bi ta samansa ya wuce kamar ba komai. Nan kaɗai ya isa hujja.

To me ya hana ni ba shi kambun? Abin da na gani shi ne Cornell da an haife shi shekara ashirin kafin nan, da zai haskaka a zamanin su Led Zeppelin ba tare da ya canja komai ba. Da giranj ya mutu ma bai rasa wurin zama ba: ya yi Audioslave da mutanen Rage Against the Machine, ya rera waƙar fim ɗin James Bond a 2006, ya zagaya duniya shi kaɗai da jita. Gwanin waƙar rok ne na kowane lokaci wanda Allah Ya sa ya tashi a Seattle. In ka ce shi ne ya fi kowa iya sarrafa murya, na sa hannu. Amma ni muryar da nake nema ita ce wadda in ka cire ta daga wancan zamanin, zamanin ya rage armashi, ita ma ba za ta zauna daidai a wani wuri ba.

Vedder ba zan daɗe a kansa ba. Murya mai zurfi da ɗumi, kuma mutum ne mai tsayawa a kan ra'ayinsa, ka tuna rigimar Pearl Jam da kamfanin Ticketmaster a 1994 kan tsadar tikiti. Matsalarsa ita ce masu kwaikwayo. Bayan kundinsu Ten ya fito, kowane saurayi mai ƙungiya a Amurka ya koma tauna kalmomi a baki yana kumbura wuya, har salon ya gundure ni. Ba laifinsa ba ne, amma kunne ba ya bin adalci. A cikin manyan huɗun dai, wato shi da Cobain da Cornell da Layne Staley, shi kaɗai ya rage a raye.

Nawa gwanin Layne Staley ne na Alice in Chains, kuma ga dalili.

Na farko, ƙarfi. Siririn mutum ne, in ka gan shi ba za ka ce akwai wani abu a ƙirjinsa ba. Amma ka saurari "Man in the Box" a kundin Facelift, wanda ya fito a 1990, shekara guda kafin duniya ta san Nevermind. In ya ɗaga murya a wajen amshin nan, ba ihu yake yi ba kamar mutuminka, riƙe sautin yake yi cak, yana karkaɗa shi a ƙarshe yadda ya ga dama. Akwai ɗan hanci-hanci a cikinta da wani ɗaci, wanda ko a cikin mutum dubu ka ji ka san shi ne.

Na biyu, kuma nan ne zancen yake, yadda yake haɗa murya da mai jitarsu Jerry Cantrell. Mu a namu kiɗan mun saba mawaƙi ya faɗa, ƴan amshi su karɓa bayansa. Su waɗannan biyun a tare suke tafiya kan kalma ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kuma tazarar da suke bari a tsakaninsu ba irin mai sanyaya rai ba ce da aka saba ji. Da gangan suke zaɓar wadda za ta sa ka ji kamar wani abu bai zauna daidai ba. Sau da yawa ma Staley kan ɗora muryarsa a kan muryarsa a sutudiyo, hawa-hawa. Wannan sautin babu shi a Nirvana, babu a Pearl Jam, babu a Soundgarden. Ka ji Dirt na 1992 daga farko zuwa ƙarshe, sannan ka bi shi da Jar of Flies na 1994, inda suka sassauta ƙarar suka bar muryoyin a fili. Wannan ɗan gajeren kundin shi ne irinsa na farko da ya shiga jadawalin Billboard kai tsaye a lamba ɗaya.

Za ka ce to ai rabin aikin na Cantrell ne, tunda shi ya rubuta da yawa daga cikin waƙoƙin, kuma ƙungiyar ta ci gaba da William DuVall bayan rasuwar Staley. Magana ce mai kama hankali. Amsarta tana cikin Above, kundin Mad Season na 1995, wanda Staley ya yi da Mike McCready na Pearl Jam, babu Cantrell ko kusa. A can ba ya ma ɗaga murya sosai, a hankali yake bi, kuma nauyin bai ragu ba ko kaɗan.

Sai wasan Unplugged na Alice in Chains a Afrilun 1996 a Brooklyn, bayan sun yi sama da shekara biyu ba su hau dandamali ba. Ya fito a rame, da baƙin tabarau, ya zauna kusan ba motsi. Har kalmomin wata waƙa ya manta, aka tsaya aka sake. Duk da haka da ya buɗe baki a "Nutshell" ɗakin ya yi tsit. Jikin ya riga ya ƙare, muryar ba ta bi shi ba. Cobain a nasa wasan ya ba ka minti guda da ba za ka manta ba, Staley ya riƙe ka tun daga farko har aka tashi.

Kada ka ɗauka ina yabon abin da ya hallaka shi. Ni ban yarda da masu cewa ƙwaya ce ke ba su fasaha ba. Ƙwayar nan ita ta raba shi da dandamali tun yana ɗan shekara 28, ta kulle shi a gida shekaru, har ya mutu a Afrilun 2002 yana da shekara 34, aka yi kusan mako biyu kafin a gano gawarsa. An ƙiyasta ranar 5 ga wata ya cika, rana ɗaya da Cobain, shekara takwas tsakani. Abin da ya bambanta shi kawai shi ne bai yi wa halin da yake ciki kwalliya ba. A Dirt ya faɗi abin yadda yake, da ƙazantarsa da kunyarsa, kuma muryar ta ɗauki maganar ba tare da ta roƙi tausayi ba. Allah Ya tsare mana zuri'a.

Don haka ga jerina, in kana so ka yi fushi ka yi: Staley, sai Cornell dab da shi, sai Lanegan, sannan ku raba na huɗu tsakanin Vedder da mutuminka. Abin da nake so ka yi, ka samu dare ɗaya bayan yara sun kwanta, ka sa abin ji a kunne, ka saurari Unplugged ɗin biyu a jere, na Nirvana tukuna. Kada ka kalli hoton, don na san idon Cobain ne ke sayen ka. In ka gama ka rubuto mini, kuma ban da kawo yawan kwafin da aka sayar a matsayin hujja.

Ka gaida madam da yara, ka shafa mini kan ƙaramin. In za ka zo da Babbar Sallah ka sanar da ni da wuri.

Naka har kullum,
Amininka