Mutuminka ya ajiye lema

Assalamu alaikum Alhajin Allah,

Da fatan kana lafiya, kai da iyali da mutanen Kumasi. Shirun ya yi yawa, amma wannan labarin ba zan bari ka ji shi a bakin wani ba. Mutuminka Barista Ibrahim Shema, tsohon gwamnan Katsina, ya ajiye lema ya ɗauki tsintsiya, ya shige APC. Kai da ka kusa kifar mana da teburin mai shayi a 2015 don an ce Masari na APC zai kayar da Nashuni na PDP a zaɓen gwamna, yanzu ina za ka sa kanka? Hular nan taka mai hoton lema, a ba yara su yi wasa da ita.

Ni abin bai ba ni mamaki ba, tunda tsakaninsa da ɓangaren Lado, ɗan takarar gwamna na PDP a 2023, ya yi tsami, ga Dikko Radda na APC ya lashe zaɓe. Ka tuna ba daga siyasar mazaɓa ya taso ba. Lauya ne ɗan Dutsin-Ma, ya karanta shari'a a ABU Zariya, yana aikinsa marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya jawo shi a 1999 ya ba shi kwamishinan shari'a. Daga nan ya zama mataimakin shugaban PDP na ƙasa, a 2007 Umaru ya tafi Abuja ya bar masa kujerar gwamna. Shekara takwas jam'iyya a Katsina sai abin da ya ce. Wanda ya saba da haka, ka ce ya koma gefe wasu na raba tikiti? Ba zan ci haƙƙinsa ba dai, sabon gidan gwamnati da filin wasa na Karkanda suna nan.

Abin da ke hana ni barci shi ne babban ɗanka. Ya gama makarantar lauyoyi, ko rigar bai saba da ita ba, wai shi ma siyasa zai shiga, kullum misalinsa Shema. Na ce masa Shema ya samu Umaru, kai wa gare ka? Ya fara tsayawa gaban alƙali tukuna. Uwarsa kuwa ta ɗaure masa gindi, har ta fara kiransa Honorabul. Don Allah ka buga masa waya, maganarka yake ji.

Af, Mai Gemu ya ƙara aure, ta uku, kuma har yau bai biya ni kuɗin takin bara ba. Yaushe za ka shigo? In ka tashi, goron nan fari kar ka manta.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
Ɗan tsintsiya tun asali