Wa ya ce binciken jami'a a kabad yake ƙarewa?

Assalamu alaikum Malam Edita,

Wallahi tun daren Talata raina a ɓace yake da shirin nan naku na lafiya. Baƙonku ya zauna ya ce wai binciken malaman jami'a duk a kabad yake ƙarewa, talaka ba ya ganin komai, shi kuma mai gabatarwa sai gaskiya ne gaskiya ne yake ta ce masa. Haba jama'a!

Ni 'yata sikila gare ta, ni AS babanta AS, ba mu sani ba sai da ta fara kumburin hannu tana goye. Tana shekara 6 aka ɗora mata na'urar nan ta TCD a gefen kai, mai auna gudun jini a jijiyoyin ƙwaƙwalwa, likita ya ce gudun ya yi yawa, tana iya samun shanyewar ɓarin jiki, ranar ko abinci ban iya ci ba. A Amurka irin waɗannan yaran ƙarin jini ake musu duk wata, to ni ina zan samo ledar jini duk wata, wa zai ba ni? Wani magani mai suna Hydroxyurea aka ɗora ta a kai, kullum take sha, yanzu shekararta 10 tana zuwa boko da islamiyya da ƙafarta, ciwon ƙashin nan ma da ke hana mu barci ya ragu sosai, alhamdulillah.

To wa ya gwada maganin nan a kan yaranmu? Likitocin Jami'ar Bayero ne da Asibitin Malam Aminu Kano, su Dakta Shehu Abdullahi da Dakta Najibah Galadanci, tare da Farfesa Michael DeBaun na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka. Yara 220 suka bibiya a Kano da Kaduna, sakamakon ya fito a 2022, suka gano ƙaramin awo ma yana kare yaro daga shanyewar kamar matsakaicin awo. Wannan ne kabad ɗin? Wasu daga cikin mutanen nan suna nan kusa da ku, ko ɗaya ba ku gayyato ya kare kansa ba.

Sannan dan Allah ku gyara layin wayarku, sau 7 na kira ranar, katina ya ƙare ban samu shiga ba, amma kullum mutum uku ɗin nan ne dai ke shiga suna gaishe-gaishe.

Uwar mai sikila, daga Kano