Takwaranka Ya Ce Sai Tuƙin Jirgi

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Tun ƙaramar sallah ban ce maka uffan ba, ka yi haƙuri. Amma kai ma da ka aiko min saƙon murya na minti tara kan siyasa, ai da ka tambayi lafiyarmu a ciki. Shawara nake nema, sai ka gyara zama.

Ɗana takwaranka ya gama sakandare, ya kuma kafe shi matuƙin jirgin sama zai zama. Taurin kan nan dai tare da sunan ya ɗauko shi. Ka tuna yadda muke jingine kekuna a Palladan muna kallon ƙananan jiragen makarantar koyon tuƙi ta Zariya? To, abin da muka tsaya a kallo, shi so yake ya hau.

Akwai kwalejin shekara biyu kusa da mu a nan jihar Ohayo ta Amurka, kuɗin ajinta da sauƙi, har na fara murna. Sai da muka je aka miƙo mana takarda ta biyu. Ashe kuɗin hawa jirgi daban ne: hayar ɗan ƙaramin Cessna 172, da mai, da ladan malami, duk awa-awa ake biya. Na zauna a mota na tara lissafin a bayan ambulan, ya tasam ma dala dubu 80. Rancen gwamnati kuwa dala 5,500 ne a shekarar farko, 6,500 a ta biyu. Ragowar sai banki, banki kuma ya ce sai na tsaya masa. Idan yaro ya gaza, wuyana za a kama, kuma bashin karatu a ƙasar nan ko mutum ya karye da wuya kotu ta sauke masa shi.

Shi abin da yake nuna min a waya albashi ne. Ba ƙarya yake ba, matuƙan manyan kamfanoni suna ɗaukar sama da dala dubu 200 a shekara. Tsakanin nan da can ne yake hana ni barci. Tun bayan jirgin da ya faɗi kusa da Bafalo a 2009, mutum 50 suka rasu, aka tsaurara doka: sai ka yi awa 1,500 a sama kafin kamfanin fasinja ya ɗauke ka. Wanda ya fito daga kwalejin shekara biyu da hukuma ta amince da ita ana rage masa zuwa 1,250. Shi kuwa zai kammala da awa ɗari biyu da wani abu. Sauran sai ya tara su yana koya wa wasu, ranar da ya tashi a biya shi, ranar da ƙanƙara ta sauko ya koma gida hannu rabbana. Ba ka san hunturun nan ba, Malam, kai da sanyin Samaru ke sa ka rufa da bargo biyu. Duk wannan lokacin kuɗin ruwa yana hawa. A 2022 rububin matuƙa ake yi, zuwa 2024 ɗaukar aiki ta ja baya. Wa ya san kasuwar da zai tarar?

Ga kuma likita, wanda zai riƙa duba shi duk shekara. Ka san ciwon suga a gidanmu. Na sa ya je gwajin tun kafin mu kashe ko sisi, alhamdu lillahi ya wuce, har gwajin bambance launi.

Maganar riba ita ta fi ci min rai. Shekara 16 ina tuƙa babbar mota, gidan haya nake zaune don gudun riba. Yanzu in ɗauki biro da hannuna? Mamansa ta ce a sayar da filin Zariya. Na mayar da kuɗin dala, ko rabi bai kai ba.

Na kawo masa maganar gyaran jirgi, karatun bai kai shekara biyu ba a wurare da yawa, kuɗinsa kaɗan ne, aikin kuma yana ci da mutum. Na ce ya fara da shi, ya riƙa sayen awannin tashi da albashinsa. Bai yi musu ba, ya dai sunkuyar da kai. Da ma ya yi gardama irin taka, da ya fi min sauƙi. Watan jiya na biya masa tashin gwaji na awa ɗaya. Da ya sauko hannunsa na rawa, ya rungume ni a gaban mutane, abin da rabonsa da yi tun yana ɗan shekara shida. Takardar bankin tana nan kan firij, mako uku ke nan.

Af, da gaske ne mai shayin bakin tasha ya ƙara aure? A waya aka tsegunta min, na ce sai na ji daga bakinka. Idan mutumin nan zai taho watan gobe, ka ba shi kuka da daddawa da yaji. Kada ka sake sa kilishi, ƙwacewa suke yi a filin jirgi. Ka gaida Hajiya, ka ce ta sa takwaranka a addu'a.

Naka har kullum,
Abokinka na Ohayo