A Riƙa Kawo Masanan Tsaro Zango

Ranka ya daɗe Edita,

Duk sanda maganar ta'addancin Sahel ta taso, muryar Farfesa Kwesi Aning, masanin tsaro ɗan Ghana, muke ji a rediyo. Ya yi digirin digirgir a Copenhagen, ya yi wa Tarayyar Afirka aiki kan yaƙi da ta'addanci, ya daɗe a cibiyar horar da masu wanzar da zaman lafiya ta Kofi Annan da ke Teshie. Ilimi kam akwai shi, sai dai da Turanci yake zubo shi.

Direbobinmu masu ɗauko tumatir daga Burkina su ke ganin hanya da idonsu. Ƙanena da ya dawo ta Paga, garin kan iyakar Ghana da Burkina, a teburin mai shayi ya zazzage labarinsa, nan ya ƙare. Don Allah a gayyato irin waɗannan masana zuwa zango, a samo tafinta, su ma su saurare mu.

Mai karatunku,
Nima, Accra