Ƙibar 'yata ta fara bani tsoro, kakarta kuma ta ce hutu ne

Assalamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni mai sauraron shirinki ce daga Anguwan Rogo nan Jos, dan Allah a sakaya sunana.

Yarinyata shekararta 4, sunan mahaifiyar maigidana ta ci shi yasa muke ce mata Ummi, to kin dai san kaka da takwara. Watan jiya na kai ƙaninta rigakafi sai nas ta ce bari ta ɗora Ummi ma a sikeli, kilo 23, ta ce sa'anninta yawanci wajen kilo 16 suke. Wallahi jikina yayi sanyi, don dama na lura ko ɗan gudu tayi da yara sai haki kamar ta hau dutse.

Nas ɗin ta ce kar in kuskura in horar da ita da yunwa, a dai janye lemon kwali da biskit a bata ruwa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro kamarta ya samu awa 3 yana wasa da motsa jiki kullum, kallo kar ya wuce awa 1. Ita kuwa daga an taso makaranta har magariba tana kan katun a wayata, wannan kam laifina ne.

Makarantarsu ma sun fito da tsari, ba lemo a kwandon abinci, ranar Laraba kowa da 'ya'yan itace. Na ji daɗi na fara sa mata dafaffen dankali da ƙwai da karas, tunda a kasuwar Farin Gada ta nan Jos kayan lambu ba wuya, wani lokaci gwaten acca.

Matsalar Hajiya ce, gida ɗaya muke. Da yarinya ta dawo sai ɗakinta, can alewa da cincin da lemo suke jira, na yi magana sau ɗaya cikin ladabi ta ce so nake a ce ɗanta baya ciyar da iyali, yaro mai kumatu ai shi ne mai lafiya. Maigida ya ce in bi Hajiya a hankali, alhali shi ma sai ya shigo da leda da daddare.

Anti ta yaya zan fahimtar da ita ba tare da an ce na raina suruka ba? Ko in lallaɓa ta mu koma asibiti tare taji daga bakin nas?